Ni da Ɗan Fari a Tsakiyar Teku

Abin da zan ba ku ya faru, ko da yake in kun ɗauke shi tatsuniya ban ga laifinku ba. Ni da ƙafata ta taka, idona ya gani, har yau in ina sheƙa a tsakar gida sai in tsaya da ƙwarya a hannu in ce, anya ni ce kuwa?

A wani ƙauye tsakanin Tofa da Bagwai aka haife ni, a nan aka yi min aure, a nan na tsufa. Ƙasarmu gona ce ta kama gona, ba ka raba ta wane da ta wane sai da layin gamba. Babban ruwan da na sani shi ne madatsar Bagwai, ita ma daga cikin mota nake hango ta. Ban yi boko ba. Abin da na iya na salla ne, sai surfe da daka da renon yara.

To, a wajenmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta yi masa wasa mutane na gani. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta tsallake shi ta ƙirga sauran. Kunya ce, haka muka tarar, haka uwata ta yi wa yayana. Nawa ɗan farin, ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke abinta. Ita yake ce wa Inna. Ni kuwa Yaya yake ce min, yadda ya ji ƙannen mijina suna kirana. In ina da magana da shi sai in aika. In ban sami wanda zan aika ba sai in juya in gaya wa bango, shi kuma ya tsinta a can.

Ana nan ana nan, karatu ya ɗauke shi. Daga Tofa sai Kano, daga Kano sai Zariya, daga nan sai Ingila, inda yake aiki a asibiti, cikin masu ɗaukar hoton ƙashi. Ya yi aure, ya hayayyafa, furfura ta fito masa a can.

Akwai kuma wata 'yata da aure ya kai Amurka. Ta daɗe ba ta samu ba, sai Allah ya ba ta ciki, ta ce ita duk duniya ba mai yi mata wankan jego sai ni. Aka yi ta yawo da ni ana ɗaukar hoto ana dangwala yatsa, har takardu suka fito. Aka ce in fara sauka Ingila gidan wancan, in huta, sannan in wuce. Ban san jirgin sama bai karɓe ni ba sai da na sauka. Ƙafata ta hagu ta kumbura ta zama kamar taɓarya. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, ya ba ni ƙwayoyi, ya ce kada a kuskura a sake ɗora ni a doguwar tafiyar sama sai bayan watanni. Yarinya kuwa watanta ya kusa. Kullum ta bugo waya tana kuka, ni ma ina yi.

Rannan muna zaune a falo, sai ya shigo ya ce wa matarsa, da ƙarfi yadda zan ji:

“Ki gaya wa Yaya akwai jirgin ruwa. Likita ya ce wannan ba laifi, tun da za ta riƙa miƙe ƙafa.”

Na ce mata, “Gaya masa ni ba kifi ba ce.”

Ta ce, “Hajiya, yana gabanki fa.”

Na ce, “Ke nake gaya wa.”

Surukata 'yar birni ce, daga cikin Kano, bakinta ba ya ɓoye magana, amma tana da kirki. Duk zamana a gidan ita ce 'yar aikenmu. Na ɗauka da ita za a yi tafiyar. Sai ana gobe tashi na ji ashe ba za ta ba, ga aiki ga yara suna makaranta. Ni da shi ne, mu biyu. Kuma duk jirgin nan ba wanda zai ji Hausa sai shi.

A tashar jiragen ruwa, yana can yana fama da kaya, sai ta kama hannuna ta ja ni gefe.

“Hajiya, zan faɗi wata magana, ki yafe min. Jikokinki sun tambayi babansu, wai me ya yi wa Kaka ba ta son shi.”

Na ce, “Yara ne, ba su san garinsu ba.”

Ta ce, “Haka ne. Amma shi ma tashi ya yi ya fita.”

Da wannan maganar na shiga jirgi. Ta zauna min a ƙirji kamar na haɗiyi tuwo ba miya.

Jirgi kuwa, me zan ce muku? Na ɗauka kwale-kwale ne babba. Sai na ga unguwa guda an ɗora ta a kan ruwa, bene kan bene, fari da baƙi, sai ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame kafin ka ga ƙarshensa. Cikinsa ko'ina kafet, ƙafa tana nutsewa. Fitilu na lilo daga sama kamar an rataye zangarniyar gero ta gilashi. Ga lif yana hawa yana sauka, ga kantuna, ga masallacin Kirista, ga asibiti, ga ɗakin da babu komai cikinsa sai littattafai. Har karnuka suna da nasu sashen, da mai yi musu hidima cikin kayan aiki. Abin da ya fi ɗaure min kai, a can sama sun gina tafki sun cika shi da ruwa suna wanka. Ruwa gaba, ruwa baya, ruwa dama da hagu, amma sai da suka ɗauko nasu.

Allah ya yi masa albarka, ya san ba zan kwana ɗaki ɗaya da shi ba, sai ya kama ɗakuna biyu manne da juna, da ƙofa a tsakani. Nawa yana da gado mai laushin da sai da na sauko da bargo ƙasa kafin bayana ya yarda, da 'yar baranda mai kallon ruwa. Na ajiye butata a banɗaki, na ajiye ƙullin yajina a kan tebur, na ce to, bismillah.

Wannan ƙofar ta tsakiya ita ta zama 'yar aikena.

“Ƙofa, ko akwai ruwan zafi a garin nan?”

Sai in ji daga can, “Akwai, Yaya. A murɗa mai jan kai.”

“Ba da kai nake ba.”

“To, ƙofa ce ta ce a murɗa mai jan kai.”

Da jirgin zai tashi ya yi wani irin kuka mai kauri, na ji shi har cikin haƙorana. Ƙasa ta yi ta ja da baya, ta zama zare, zaren ya ɓace. Tsuntsaye suka raka mu suka gaji suka koma. Daga nan babu komai sai ruwa da sama. Idon manomiya ne da ni, sai na riƙa kallon wannan fili, shimfiɗe har iyakar gani, ba kututture ba dutse, kuma ba wanda zai jefa ko ƙwayar wake. Jirgin yana tsaga shi kamar garma, farin kumfa na biye, kafin ka waiwaya huɗar ta rufe kamar ba a yi ba. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan bai nemi taimakon kowa ba.

Yamma muka nufa, saboda haka gabas tana bayanmu. Kullum in na fito daga alwala sai in tarar an shimfiɗa min darduma an karkata ta daidai, ba na ganin mai shimfiɗawar. Rana kuma a can ba ta da gaggawa, kusan kowace safiya sai a ce an ja agogo baya. Shi ke ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, “Ƙofa, azahar ta yi.”

Yammacin farko ya ce a je wajen cin abinci. Na sa zanena mai kyau da mayafi. Ɗakin ya fi filin idi na garinmu, maza da baƙaƙen kwat, tsofaffin mata da kafaɗu a waje cikin wannan sanyi, ana busa ana kaɗa garaya irin tasu. Wani saurayi cikin fararen kaya ya ja min kujera, ya shimfiɗa min ƙyalle a cinya kamar za a yi min aski. Cokula a gabana kamar kayan wanzami. Aka kawo kifi da shinkafa, don ya riga ya gaya musu abin da muke ci da wanda ba ma ci. Ƙamshi ya bugi hancina, yunwa kuma nake ji. Amma ga shi nan zaune a gabana, tebur ɗaya. Na naɗe hannuna. Aka ɗauke farantin aka kawo wani, shi ma aka ɗauke shi yadda aka kawo. Mai hidimar ya damu, ya yi ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Ban san abin da ya gaya masa ba.

Daga ranar sai aka riƙa kawo min nawa ɗaki a tire. Shi kuma ya tafi can ya ci shi kaɗai a cikin wannan taron. Ƙwayata ba a shanta da yunwa, don haka sai ya tsaya bayan ƙofa har ya ji ƙarar cokali, sannan in ji tafiyarsa.

Mai gyara min ɗaki wata mata ce 'yar ƙasar Filifin, gajeriya, mai fara'a, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Tana naɗe tawul ta mai da shi agwagwa ta ajiye min a gado. Da hannu muke gaisawa. Wata safiya ta zo shi kuma yana tsaye a bakin ƙofar tsakiya, sai ta samu tafinta. Ta ciro waya ta nuna min hoton yara biyu, ta ce nata ne, suna wajen uwarta, sai ta yi wata da watanni ba ta gan su ba. Na yi musu addu'a, ya juya mata. Sai ta tambaya, ni fa, nawa ne nawa?

Bakina bai yi shawara da ni ba. Abin da na saba faɗa shekara da shekaru shi ya fito. Na ce shida.

Bakwai ne.

Ya juya mata da Turanci, har ya ɗaga yatsu shida don ta gane. Ta yi murna, ta tafa. Sai ta nuna shi, ta ce wannan fa?

Na ce, “Ɗan gidanmu ne. Uwar mijina ta riƙe shi.”

Ya juya mata wannan ma. Matar nan ta dube shi ta dafa ƙirji, ta yi wata doguwar magana. Bai juya min ba. Na ce wa madubi, me ta ce?

Ya ce, “Ta ce ni mutumin kirki ne. Ta ce ba kowa ne zai yi wa matar da ba ita ta haife shi ba irin wannan hidima.”

Bai rage ko kalma ba, bai ƙara ba. A madubin na saci kallonsa. Kansa a ƙasa, furfura ta cinye gefe da gefe, yana murza kafet da babban yatsan ƙafa. Mutum mai iyali, wanda ake tashi tsaye in ya shiga ofis. Ya ja ƙofa a hankali.

Likita ya ce in riƙa tafiya, don haka kullum bayan la'asar mukan fita can waje inda aka shimfiɗa katako aka jera kujerun kishingiɗa. Turawa na ta zagaya jirgin da sauri, ba kasuwa za su ba, ba gona ba, su je su dawo inda suka tashi. Ni ina gaba da sandata, shi yana baya, tazarar da ke tsakanin mai shuka da mai binne. In na gaji in zauna, a lulluɓe min ƙafa da bargo, a kawo shayi da wani ɗan burodi mai zaƙi.

Ranar da aka yi maganar shidan nan, na zauna, shi kuma ya je ya dafa ƙarfen da ya kewaye jirgin, ya ba ni baya. Ba kowa kusa. Can sai na ji ya ce:

“Teku, ina da tambaya.”

Na ɗauka wasan ƙofa ne ya fito da shi waje. Har na fara murmushi a cikin mayafi.

“Inna ta rasu ban tambaye ta ba. Baba ya rasu ban tambaye shi ba. Na san al'ada, ba wanda zai koya min ita. Abu ɗaya nake so in sani. Ban da bayan Inna, akwai bayan da ya taɓa goya ni?”

Iska na kaɗa rigarsa. Bai waiwayo ba.

Ni kuwa na dubi bargo na ce wa bargon, sanyi ya yi yawa, a shiga ciki. Ya zo ya miƙo min sandata, muka koma, ina gaba yana baya.

Na yi ta juya abin a raina. Ni ban ga aibin kunya ba, har gobe. Amma sai na gane wani abu da ban taɓa ganewa ba. A garinmu ba ni kaɗai nake yin ta ba, da mutane ake yi. In yaro ya shigo, sai gwaggonninsa su ce, ke, ga ɗanki nan, tashi ki ba shi ruwa. In ja mayafi in ruga ɗaki, gida ya ɗauki dariya. A cikin dariyar nan yaro ke jin abin da uwarsa ba ta faɗa ba. Gari duka ne tafintansa. To shi ya bar garin tun gemu bai fito ba. Masu dariyar sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage masa shirun kawai, ya ɗauke shi ya kai ƙasar da uwa ke sumbatar ɗanta mai gemu a bakin titi. Na gane wannan sarai. Amma ganewa daban, buɗe baki daban.

Kashegari teku ta tashi da fushi. Sama ta yi baƙi tun hantsi, ruwan da ke shimfiɗe ya zama duwatsu masu tafiya. Jirgin nan da na ce unguwa ne, sai ga shi ana ɗaga shi ana saukewa kamar ƙwarya a hannun mai tankaɗe. Butata ta yi ta yawo a banɗaki. Aka hana fita waje. Cikina ya juya, na yi amai har ba abin da ya rage, na kwanta a ƙasa ina salati. Na ce in ajali ne ya kawo ni nan, to ko kabari ba zan samu ba, kuma zan tafi da amsar mutum a bakina.

Ya buɗe ƙofar tsakiya kaɗan, bai shigo ba. Ya zauna a ƙasa ta ɓangarensa, ya jingina da bango, ya turo min ruwa da magani. Wuni guda yana nan yana karatu a hankali, in jirgi ya yi wata irin sunkuya sai ya ce, “Ƙofa, ba komai, haka yake yi, an gina shi don wannan.” Daga inda nake kwance ƙafafunsa kawai nake gani. Ban taɓa samun damar kallonsu haka ba. Ashe yatsun babana ne da shi, na biyun ya ɗara babban tsawo.

Da gari ya sake wayewa ruwa ya kwanta kamar ba shi ba. Na sha kunun hatsin da suke yi, na ji ƙarfi. Da la'asar na ce wa ƙofa, ƙafa tana son tafiya.

Muka fita. Wannan karon ban zauna a kujera ba. Na je na kama ƙarfen nan da hannu biyu, na dubi ruwa. Shi yana can gefe, ya ba ni tazara. Na gyara murya.

“Teku, an yi miki tambaya shekaranjiya, na ga ba ki da baki. To saurara.”

Na ci gaba, idona na kan ruwa.

“Daminar da aka yaye wani yaro, ni ke kai wa maza fura gona. Tsohuwar da ta riƙe shi, Allah ya haskaka kabarinta, ta san abin da take yi. In na ɗora ƙwarya a ka sai ta ce, wash, bayana, wa zai sauke min wannan kaya ya ajiye min shi bayan rumbu ya sha iska? Sai ta juya tana tsintar wake, ba ta ƙara ɗagowa. Ni kuwa in bi ta bayan rumbu. Dawa ta yi tsawo a lokacin, ta shanye mutum har da abin da ya ɗauko. Ina shiga cikinta sai in kwance majanyin da na ɗaura a ƙarƙashin zane.”

Na gyara riƙon ƙarfen.

“Hanyar gona gajeriya ce, amma ta nesa nake bi, ta wajen ɗorawa. Ina tafe ina yi masa waƙa, ina tauna gyaɗa ina miƙa masa ta kafaɗa. Nauyi ne da shi kamar buhun gero, ga cizo. Wani haƙori da ya fito masa a kafaɗar dama ya gwada shi, tabon yana nan, da shi za a binne mai shi. In an kusa gona sai a sauke shi a kama hannunsa, a ce wa maza Inna ce ta ce a kawo shi wajen babansa. Wata rana ya yi barci a bayan. Aka rasa yadda za a yi a tashe shi. Aka tsaya cikin dawa, ƙwarya a ka, ana jijjiga, har rana ta karkata, maza na can suna ƙwala kira yunwa ta ci su. Ƙanwar babansa aka turo nema, ita ta kama mu. Ta riƙe ciki tana dariya har ta zauna a ƙasa. Shekara guda ba ta bar ni na sha ruwa ba, in na gifta sai ta ce, a ba mai ɗa hanya. Damina biyu aka yi ana wannan, har ya yi wayon da zai iya tona asiri. To, Teku, kin ji. In mai tambayar ya dawo ki gaya masa.”

Ban dube shi ba. Amma ƙarfen da na riƙe shi ya riƙe. Wasu Turawa masu zagaye suka zo wucewa, suka rage sauri, suka wuce. Sannan ya ce, da wata murya kamar ta mai mura:

“Teku, na gode. Allah ya saka da alheri.”

Na ce, “Teku ba ta son surutu. A shiga ciki.”

Da safe aka kawo min tire, shinkafa da ƙwai da wani ganye. Na barbaɗa yajina na ci rabi. A gida ragowar uwa ta yara ce, duk shidan nan sun yi kokawa a kan kwanona, har manyansu. Shi kaɗai bai taɓa sa hannu a ciki ba, ragowar Inna yake ci. Na ɗauki farantin na ajiye a bakin ƙofar tsakiya, na tura shi da ƙafa.

“Ƙofa, ga ragowa nan. Kada a zubar, alhaki ne.”

A jirgin da abinci ba ya yankewa dare da rana, wanda in ka ɗaga yatsa za a kawo maka abin da ko sunansa ba ka sani ba. Na ji ya zauna a ƙasa. Ban ji ƙarar cokali ba, da hannu ya ci. Yajin ya sa shi tari, ya daɗe rabonsa da irinsa. Da farantin ya dawo kamar an wanke shi.

Daga nan har muka isa, haka aka yi kowane ci. Ya daina zuwa babban ɗakin nan.

Wata safiya tsuntsaye suka dawo, sannan ƙasa ta fito, da gine-gine tsaye kamar rimaye. 'Yata tana bakin tasha da cikinta a gaba, mijinta na riƙe da ita. Ta rungume ni tana kuka tana dariya, ta dubi yayanta ta dube ni.

“Inna, ni tausayinku na yi ta ji. Ku biyu, ba mai kai saƙo. Yaya kuka yi? Kurame kuka zama?”

Ya ce, “Wa ya gaya miki? Mun sha hira.”

“Da wa?”

Na ce, “Ke, rage surutu, ciki ne da ke. Gaya masa ya kula da jakar nan, butata na ciki.”

Ta haihu lafiya, namiji, na yi mata wankanta na cika mata kwanakinta, da ƙafa ta warke aka dawo da ni gida ta sama. Har yau ban kama sunansa ba, kuma ba zan kama ba. Amma in na idar da salla ina lissafa abin da Allah ya yi min, da lafiya da zuriya da hatsin rumbu, nakan sa har da kumburin ƙafar nan. Na yi kuka da ita, na ce ta tozarta ni a ƙasar mutane. Ashe ita za ta kai ni inda babu ɗan aike, babu bangon gida, babu mai dariya, sai ruwa da ni da shi. Surukata ta ce da ya koma ya tara yaransa a falo, ya ce su zauna zai ba su labarin wata gonar dawa. Alhamdu lillahi.